Karatun Saikoloji a Jami'a: Abin da Ɗalibi da Iyayensa Ya Kamata Su Sani Kafin Cike Fom

Duk shekara idan JAMB ta buɗe sayar da fom, akwai kwasa-kwasan da ba sa jawo dogon zance a gidajenmu. Yaro ya ce likitanci ko lauya ko injiniya, sai a sa masa albarka. Amma ya ce saikoloji, ko a Sabon Ibadan ne ko Agege ko Idi-Araba ko Ama Hausa ta Owerri, tambayar da za ta biyo baya ɗaya ce: "To idan ka gama me za ka zama?" Wasu sun ɗauka karatun karanta zuciyar mutane ne, wato ka kalli mutum ka faɗi abin da ke ransa. Wasu kuma sun ɗauka likitan masu taɓin hankali ake zama. Duka biyun ba haka ba ne. Tambayar iyayen kuwa tana kan hanya, domin su ne za su biya kuɗin, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa bayanin yadda wanda zai shiga da wanda zai biya za su san abin da suke saye.

Saikoloji shi ne abin da ake fassarawa da ilimin halayyar ɗan Adam. Yana binciken yadda mutum ke koyo, yadda yake tunawa da mantuwa, yadda yake tsoro da fushi, yadda yaro ke girma daga goye zuwa balaga, da dalilin da ya sa mutum mai hankalinsa yake aikata a cikin taro abin da ba zai taɓa yi shi kaɗai ba. Kowa yana da ra'ayi a kan waɗannan abubuwa, tsohuwar da ke cikin gida ma ta fi wasunmu sanin halin mutane. Abin da ya raba wannan ilimi da hirar majalisa shi ne awo da gwaji. Idan ka ce duka yana sa yaro ya fi karatu, malaminka ba zai ce ƙarya kake ba, zai ce yara nawa ka gwada, da wa ka kwatanta su, kuma yaya ka auna karatun. Galibi ana ƙirga farkon wannan ilimi a matsayin kimiyya daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta Jamus. A Najeriya sashen farko an buɗe shi ne a Jami'ar Najeriya ta Nsukka a 1964, sannan Legas ta biyo baya, sai Ibadan da Jos da Ife a shekarun 1970. Wato mu mazauna kudu muna zaune ne a kusa da tsofaffin sassan wannan karatu a ƙasar nan.

Mutum huɗu da ake haɗawa a suna ɗaya

A nan ne aka fi ruɗewa, kuma ruɗewar tana iya cinye wa yaro shekara huɗu. Likitan ƙwaƙwalwa, wanda yake rubuta magani a asibitoci irin su Yaba da Aro da Uselu ta Benin da Barnawa ta Kaduna, likita ne cikakke. Ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya yi aikin koyo na shekara guda, sannan ya ƙara wasu shekaru yana samun horon ƙwarewa. Ba ta sashen saikoloji ake bi a kai nan ba. Wanda burinsa ke nan, likitanci zai cike a fom, da darussan kimiyya.

Masanin saikoloji na asibiti ba ya rubuta magani. Aikinsa gwaji da tantancewa da jinya ta hanyar magana, zama bayan zama, bisa tsari. Shi ne wanda ya yi digirin farko a saikoloji, ya yi na biyu a ɓangaren asibiti, ya yi aikin koyo ƙarƙashin ƙwararru. Na uku shi ne mai ba da shawara a makaranta, wanda kwas ɗinsa yake ƙarƙashin tsangayar ilimi, kuma hanyarsa ta fi karkata ga koyarwa. Da yawa daga 'yan'uwanmu da suka yi karatu a arewa suka ce sun karanci saikoloji, wannan ɓangaren na ilimi suka yi, kamar yadda ake yi a Zariya. Karatu ne mai kyau, sai dai takardarsa daban. Na huɗu ma'aikacin jinya ne da ya ƙara horo a kan masu lalurar ƙwaƙwalwa. Duk su huɗun suna iya haɗuwa a kan mara lafiya ɗaya, kowa da nasa aikin.

Abin da ake karantawa

Digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara uku ga wanda ya shiga kai tsaye aji biyu da difloma ko makamanciyarta. A yawancin jami'o'i sashen yana ƙarƙashin tsangayar kimiyyar zamantakewa, tare da su tattalin arziki da kimiyyar siyasa. Wannan lissafi na takarda ne, ban sa yajin aiki ba. Na 2022 kaɗai ya ci wata takwas.

Abin da ke ba sababbin ɗalibai mamaki shi ne lissafi. Da yawa suna gudo wa lissafi ne su faɗo nan, sai su tarar da shi yana jiransu a bakin ƙofa. Ana yin darasin ƙididdiga tun daga ajin farko ko na biyu, a ci gaba da shi, har a koyi sarrafa alƙaluma a kwamfuta da manhaja irin SPSS. Ba lissafin injiniyoyi ba ne, duk wanda zai iya riƙe littafin bashi a shagon babansa zai iya shi idan ya zauna. Kuma a ganina shi ne darasin da ya fi kowane amfani, domin yana koya wa mutum kada ya yi saurin yarda. Ga misali: a lokacin bazara ake yawan sayen ƙanƙara a arewa, a lokacin ne kuma sanƙarau yake yawa. Wanda bai koyi bincike ba zai ce ƙanƙara ce ke kawo sanƙarau. Wanda ya koya zai nemi abu na uku da ya haɗa su, wato yanayin zafi da ƙura. Rabin jita-jitar da ake turo mana a WhatsApp irin wannan kuskuren ne.

Akwai kuma darasin jiki: ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da yadda saƙo ke tafiya a tsakaninsu, da abin da ƙwaya ke yi musu. Shi ya sa wasu jami'o'i suke neman kiredit a bayoloji. Sannan a zo kan koyo da tunawa, inda ɗalibi zai haɗu da tsofaffin sunaye. Ivan Pavlov na Rasha ya lura karnukan da yake gwaji da su suna fara zubar da yawu tun kafin abinci ya iso, da zarar sun ji alamar da suka saba ji kafin a kawo shi. Abin kamar wasa, amma shi ne tushen fahimtar dalilin da ya sa wanda ya tsira daga rikici yake jin gabansa ya faɗi idan yara suka fasa banga lokacin Kirsimeti, alhali ya san ba bindiga ba ce. Jiki ya riga ya haɗa ƙarar da haɗari. Hermann Ebbinghaus na Jamus kuma a 1885 ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya nuna mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, daga nan sai ta lafa, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi a danna komai a dare ɗaya. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san wannan a aikace, da sunan tishi da tilawa. Bambancin shi ne Ebbinghaus ya auna, ya zana.

Daga aji uku ake shiga rassa: halayyar yara da girma, halayyar mutane a cikin jama'a, lalurorin ƙwaƙwalwa, gwaje-gwajen basira da na ɗabi'a, halayyar ma'aikata a kamfani, da na masu laifi. Yawancin sassa suna tura ɗalibai aikin gani da ido a asibiti ko gidan gyaran hali ko kamfani. A ajin ƙarshe kowa zai yi nasa binciken, ya raba takardun tambayoyi, ya tattara alƙaluma, ya kare a gaban malamai.

Zancen addini

Ba zan tsallake wannan ba, domin shi ne abin da iyaye da yawa suke tsoro ko da ba su furta ba. Gaskiya ne za a karanta Sigmund Freud, kuma gaskiya ne Freud ya ɗauki addini a matsayin ruɗin da ɗan Adam ya ƙirƙira wa kansa. Sai dai ana karanta shi ne a matsayin tarihi, kuma masana saikoloji da kansu sun soke shi, saboda yawancin maganganunsa ba sa gwaduwa. Babu jarrabawar da za a ce sai ka yarda da shi kafin ka ci.

Abin da ba kasafai ake faɗa a aji ba shi ne Musulmi sun daɗe a wannan fage. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin ɗan'uwa, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani sanannen dalili ba, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa don ya kori munana idan sun taso, abin da ya yi kama da hanyar jinyar da Aaron Beck na Amurka ya tsara a shekarun 1960, wadda ake amfani da ita a asibitoci yau. Farfesa Malik Badri ɗan Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a 1979 a kan tsaka mai wuyar da Musulmi masanin saikoloji yake shiga. Matsayarsa ita ce a ɗauki abin da gwaji ya tabbatar, a ajiye falsafar da aka liƙa masa. Duk ɗalibinmu da zai shiga wannan sashe ina ba shi shawara ya nemi littafin tun yana aji ɗaya.

Inda yaranmu suke da abin da wasu ba su da shi

Likitan ƙashi yana iya ɗora karaya ko da ba ya jin yaren mai karayar. Wannan aikin kuwa da baki ake yin sa. Mutumin da ya zo ya ce "zuciyata ta tsinke", ko "kaina yana ɗaukar zafi", ko "wani abu yana yi mini yawo a jiki", idan aka bi ta tafinta sau da yawa abin da zai isa kunnen likita shi ne ciwon zuciya ko zazzaɓi. Masana a ƙasar nan sun daɗe da lura cewa mutanenmu sun fi bayyana damuwar rai ta hanyar ciwon jiki. Farfesa Peter Ebigbo na Inugu har ma'auni ya tsara a kan irin waɗannan koke-koke, saboda ma'aunan da aka kawo daga Turai ba sa kama su yadda ya kamata. Tun a 2010 wasu masana uku, ciki har da Joseph Henrich, suka nuna cewa mafi yawan abin da littattafan saikoloji suke kira halin ɗan Adam an gwada shi ne a kan mutanen ƙasashen Yamma, galibi ɗaliban jami'a. Aikin auna namu halin da namu yare yana nan da yawa ba a yi ba.

Yaron da aka haifa a Sabo yana jin Hausa, yana jin Yarabanci ko Ibo, yana jin Turanci da Burokin. Ya san abin da ake nufi da kunya, ya san matar aure ba za ta faɗa wa baƙon namiji abin da ke tsakaninta da mijinta ba, ya san dattijo ba zai ce yana kuka da dare ba. Wannan jari ne, kuma ba a koyar da shi a aji.

Buƙatar kuwa tana gabanmu. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton da BBC ta fitar. Ba sai na faɗa wa kowa abin da ke faruwa a wasu tashoshinmu da bayan kasuwanni ba. Akwai waɗanda suka rasa dukiya da 'yan'uwa a rikicin Mile 12 na 2016 da na kasuwar Shasha a Fabrairun 2021. An yi rabon tallafi, an yi zaman sulhu, amma mutum nawa aka tambaya ko yana iya barci? Akwai matanmu masu jego da suke haihuwa nesa da uwa da gwaggo, a ɗaki ɗaya, miji yana kasuwa tun asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Idan abin ya tsananta, abin da aka saba shi ne a ce iska ce, a mayar da ita gida.

Ban ce a bar addu'a ba, kuma masu wannan aiki na kirki ba sa cewa haka. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta a 1954 inda marasa lafiya suke sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mari da sarƙa da bulala, irin abin da aka bankaɗo a wani gidan mari a Kaduna a Satumbar 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba masu wannan lalura haƙƙoƙi a rubuce. Doka kuwa ba ta aiki sai da ma'aikata.

Maganar aiki, ba ɓoye-ɓoye

Digirin farko shi kaɗai ba ya mayar da mutum mai jinya. Wanda ya gama shekara huɗu ya buɗe ofis yana karɓar masu damuwa, yana wasa da rayukan mutane ne. Mai son aikin asibiti ya sa a ransa tun yau cewa bayan bautar ƙasa akwai digiri na biyu, wanda yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan aikin koyo. Guraben suna da ƙaranci, kuma ana duba sakamako. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'i suke amfani da shi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50. Wanda ya yi sake a aji ɗaya da biyu zai sha wahalar hawowa.

Wanda ya tsaya a digirin farko ba ya rasa hanya, sai dai zai yi gogayya da sauran masu digirin zamantakewa. Da yawa suna shiga sashen kula da ma'aikata a kamfanoni da bankuna, inda takardar cibiyar CIPM take ƙara wa mutum daraja. Wasu suna shiga binciken kasuwa, wasu ƙungiyoyin agaji, musamman masu aiki da 'yan gudun hijira, inda jin Hausa yake cikin abin da ake nema. Hukumar NDLEA da hukumar gidajen gyaran hali da soja da 'yan sanda duk suna ɗaukar masu wannan digiri. Idan gida yana jiran yaro ya gama ya fara ɗaukar nauyin ƙanne nan take, a yi wannan lissafin da idon basira kafin a cike fom. Idan kuma 'ya mace ce, ni dai ina ganin iyaye su ƙarfafa mata, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa kowa ba sai mace 'yar'uwarta.

Wajen cike fom

Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi. Darussan da za a haɗa a jarrabawar JAMB sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a: wata takan karɓi darussan zamantakewa zalla, wata sai da bayoloji ko lissafi. Kada a dogara da abin da mai shagon intanet ya ce. A buɗe kundin JAMB na shekarar, a duba jami'ar da ake so da sunanta, domin yaro yana iya cin maki mai yawa a ƙi ɗaukarsa saboda darasi ɗaya da bai dace ba. A kuma tabbatar hukumar NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda suka haɗa da Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Yobe da Barno da Bauchi. Yaron da aka haifa a Legas amma asalin iyayensa ɗaya daga cikin waɗannan jihohi ne yana iya cin gajiyar wannan kaso a jami'ar tarayya ta kudu, inda masu nema daga jiharsa ba su da yawa. Sharaɗin shi ne jihar da ya rubuta a fom ta yi daidai da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, kuma sunansa da ranar haihuwarsa su zo ɗaya a NIN da WAEC da JAMB. Yaranmu da yawa suna da suna biyu ko uku, Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, Sani a gaba a nan, a baya a can. A gyara wannan tun kafin rajista, kuma a je gida a karɓo takardar ƙaramar hukuma da wuri, kada a bari sai ranar tantancewa ta matso.

Jami'o'in jihohi sukan fifita 'yan asalin jihar, wasu ma kuɗinsu ya fi yawa ga wanda ba ɗan jiha ba, don haka a tambaya kafin a sa su a zaɓin farko. Wanda ya samu gurbi a jami'ar gwamnati yana iya neman rancen karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024. Wanda kuma iyayensa suka fi son ya yi karatu a arewa, Jami'ar Jos tana da tsohon sashe, akwai kuma na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi.